Tsanin da 'Yan Takara Sunka Yi wa Gara

Rumbuna yana bakin hanya, nan Jabo, daidai kwanar da masu babur ke rage gudu. Marigayi maigidana ya gina shi da laka, ya ɗora shi bisa duwatsu, ya bar masa sarari a ƙarƙashi, yadda kaza za ta ratsa ta fita ta wancan gefe. Duwatsun nan ba ado ba ne. Gara in za ta hau sai ta bi dutse a fili, da ta fara gini ka gani ka kankare. Kowace shekara in an gama girbi nakan sa a shafe jikinsa da makuba har ya yi santsi. Duk faɗin unguwarmu babu bango mai sumul kamar nasa, kuma wannan sumul ɗin shi ya jawo mini abin da ya jawo.

Shekarar da nika faɗi Allah ya ba mu gero. Dammunan da ke cikin rumbun su ne tuwonmu da furarmu, ni da jikokin da ke ci a tukunyata, har sabon gero ya nuna. Babu wani a wani wuri.

Sai zaɓe ya matso. Kujerar majalisar tarayya ɗaya ce tak, mu da mutanen Kebbe muke tarayya a kanta, masu sonta kuwa da yawa. Biyu ne sunka iso jikin rumbuna. Ɗaya mai tabarau, daga nan wajenmu. Ɗaya mai murmushi, daga wajen Kebbe. Ban taɓa ganin ko ɗayansu da ido ba, sai a takarda.

Ɗan farina yana bayan mai tabarau. Mijin ɗiyata, mutumin Fakku ta ƙasar Kebbe da aure ya zaunar da shi garinmu, yana bayan mai murmushi. To ga inda ƙaddara ta ɗaure ni. Ɗan fari, yadda munka tashi munka tarar, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta zama ta yi doguwar magana da shi. Suruki kuwa ko hanya munka haɗu sai ɗaya ya ratse. Duk garin nan mutum biyu ne ba ni iya buɗe baki in yi wa faɗa, kuma su biyun ne sunka ɗauko bokiti.

Wata safiya na fito na tarar da hotunan mai tabarau a jere a jikin rumbun, fuska bayan fuska, an dama sitacin rogo an shafe bangon an manna. Kafin kasuwa ta zagayo, mai murmushi ya hau bisa mai tabarau. Sai awaki sunka ji ƙanshin sitaci. Duk akuyar da ke unguwar ta zo ta miƙe da ƙafa biyu tana lasa, tana yagar haɓar ɗan majalisa tana taunawa, makubar da na biya da wahala tana ɓantarowa tare da takardar.

Na kira ɗiyata na ce ta gaya wa yayanta, ta kuma gaya wa mijinta, a rabu da rumbuna. Ita kuma ba ta son ɓacin ran kowa. Ta je ta ce wa yayanta Inna ba ta jin daɗin yawan takardun nan. Ya ce gaskiyar Inna, na mutanen Kebbe ne sunka yi yawa, ya je ya ɓamɓare su. Ta ce wa mijinta haka nan. Shi ma ya ce ai ya san Inna mai adalci ce, ya je ya ɓamɓare na wancan. Kowane ɓamɓara da laka yake tahowa. Sa'an nan kowa ya sake dama sitaci.

Ƙarshe dattawan unguwa sunka shiga tsakani, don har an fara nuna wa juna yatsa a bakin masallaci. Sunka yi sulhu: kada wanda ya sake taɓa hoton wani, kowa ya nemi inda babu takarda ya manna nasa. Anka raba rumbuna a zaure, ni mai shi ina cikin gida ina tankaɗe, ba wanda ya leƙo ya tambaye ni. Da sama ya cika sunka yi ƙasa. Da jikin rumbun ya ƙare sunka manna takarda a gindinsa, tana reto, ta rufe duwatsun, bakinta yana jan ƙasa. Rumbuna ya koma kamar mace ta ɗaura zane har idon sawu.

Maƙwabciyata, wadda munka tsufa tare, ta riƙa tsokanata wai na yi zawarawa biyu masu zuwa Abuja, sai in zaɓi wanda ya fi kyan haƙora. Na ce mata ta kwashe su duka na ba ta, har da awakin.

Ranar da hankalina ya tashi, kaji ne sunka nuna mini. Na ga sun taru a gindin rumbun suna caccakar takarda ba ji ba gani. Kaza ba ta cin sitaci da irin wannan zafi. Na duƙa na ɗaga gefen hoton mai murmushi. Jar ƙasa ce a bayansa, hanya-hanya, tun daga ƙasa har inda akuya ta ɓantare makuba, daga nan ta shige ciki. Takarda ta ba gara inuwa, sitaci ya ba ta abinci da laima, ta bi bayan fuskokinsu ta hau, ba ta ko taɓa dutse ba.

A daidai lokacin sai ga su, kamar an aiko su. Wannan daga gabas da bokitinsa, wancan bisa babur da nasa ƙunshin takardu, don zaɓe ya rage kwanaki kaɗan. Sunka gan ni, kowa ya kau da kai ya rusuna, yana jiran in shige gida kamar kullum.

Ban shige ba. Na kira ɗan farina da sunansa na yanka, sunan da bakina bai taɓa furtawa ba tun ran da anka raɗa masa shi. Bokitin ya kusa kuɓuce masa.

"Inna, ni kika kira?"

"Kai nika kira. Kai ma mijin ɗiyata, kashe babur ɗin ga ka matso. Ku ɗaga iyayen gidanku ku ga wa ke zaune bayansu."

Sunka ɗaga. Surukina ya fara cewa ai hotunan da ke ƙasa ba nasu ne sunka fi yawa ba. Na ce masa gara ba ta da jam'iyya, kuma in geron nan ya ƙare ba Abuja zan aika jikokina da akushi ba, ƙofar ɗakinsa zan aika su.

Ran nan ba wanda ya je taron kowa. Ɗaya ya ɗaga jinka ya shiga ciki yana miƙo dammuna, ɗaya yana karɓa yana shanyawa a rana. Na sama lafiya lau. Na tsakiya da dama-dama. Na ƙasa kuwa, wanda shi ne cinmu na tsakiyar damina, ka ɗaga zangarniya sai ta marmashe a hannunka, ƙasa ce zalla. Na zauna bisa turmi ina kallo. Sunka kankare bangon, sunka kwaɓa laka, ƙafar wannan kusa da ta wancan. Da sunka gama na sa sunka saro ƙaya sunka kewaye rumbun.

Anka yi zaɓe, ɗaya ya ci ya tafi Abuja, ɗaya ya ce an yi masa maguɗi. Mu kuwa damina ta same mu muna sirka tuwo da dusa da ganyen tafasa har sabon gero ya shigo. Kunyar da na riƙe tun ina yarinya ita ma ba ta dawo ba. Yanzu in ina son ɗan farina sunansa nika kira, ya amsa a ɗarare, har yau bai saba ba, ni ma ban saba ba.

An ce wani zaɓen na tafe. Na riga na sa an ƙara ƙaya.