Motar da Mairo ba ta ji ba

Yayana Sha'ibu direba ne. In ka yi tambaya daga nan Daudawa har Faskari, har Ƙanƙara, har can Sabuwa, ka ce Malam Sha'ibu mai Fijo, ko yaron goye zai nuna maka hanyar da ya bi. Ni ce Laraba, ƙanwarshi uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da mijina ya rasu na dawo gidanshi da zama, ƙofar ɗakina na kallon ta matarshi Mairo. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsinto shi ba.

Fijon nan tashi, kai, Allah dai ya sawwaƙe! Wagon ce, an ce fara ce a da, ni dai ban riski farinta ba. Ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta. Salansarta kuwa ta fashe tun Kamilu ɗanshi na firamare, in ta taho sai ka rantse injin niƙa ne ya yi ƙafafu. In ta zo kwalbatin shiga gari Yaya ya sauya giya, sai ta yi tari sau biyu kamar tsohon da ya sha taba, shi ya sa ake ce mata Mai Tari. Ni ba na ƙaunarta, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Ta sha watsa mani kaji, ta sha busa mani hayaƙi cikin ƙullun ƙosai. Nakan ce, "Yaya, don Allah ka kai wannan gwangwani inda ake auna shi a kilo." Sai ya yi dariya ya ce, "Gwangwanin ne ya kai ki gidan miji."

Gaskiyarshi ce. Ita ta kai ni, ita ta ɗauko gawar Innarmu daga asibitin Funtuwa. Amare, masu naƙuda, buhunan masara, awaki, babu abin da ba ta ɗauka ba. Yaya mutum ne marar yawan magana, in tsohuwa ta tsaya bakin hanya ba ta da ko sisi sai ya ce, "Shigo Iya, ai hanya ɗaya ce."

Da zaman lafiya ya yi ƙaranci a wajenmu, ƙarar nan da nake tsinewa ta zama abin so. A ƙauyukan da yake bi, in aka ji rugugin inji daga nesa mata sai su suri yara su faɗa cikin dawa. Amma in Mai Tari ce ba mai motsawa. Har wani dattijo a Mabai ya taɓa roƙonshi kada ya gyara salansar. Gide bakanike ya sha cewa a kawo ya liƙe ta, Yaya ya ce a bar ta haka.

Sai dai ba wanda ya san ƙarar nan kamar Mairo. Ciwon suga ya cinye mata ido a hankali, har ta kai ba ta bambance rana da inuwa sai a fata. Ba ta kwanta ba fa. Kullum tana bakin ƙofarta bisa tabarma tana ɓarar gyaɗa, muna hira, ina tsokanarta tana ramawa, don bakinta ma ba baya ba. Amma da an yi la'asar sai hirar ta mutu. Za ka ga ta karkata kai wajen hanya, hannun na aiki, hankalin ba ya nan. Mijinta na bisa hanyar da ake tare mutane, waya kuma a wajenmu yau akwai sabis gobe babu. Abin da ya rage mata kunne ne. Tun kafin ni in ji komai sai ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdu lillahi. Laraba, ɗora mashi ruwa, ga shi nan a kwalbati."

Nakan ce, "Ke dai da kunnen zomo." Ta ce, "Ke ma in kin rasa ido za ki yi shi."

To sai fetur ya yi tashin gwauron zabi. Mai Tari kuwa shan mai take kamar rairayi ya samu ruwa. Yaya ya yini a hanya ya dawo, abin da ya samo ya bar shi wajen 'yan bumburutu. Wannan ma da sauƙi. Wata rana da damina ta mutu mashi a wani wuri mai duhun daji tsakanin Faskari da Ƙanƙara, wurin da ko fitsari ba a tsayawa yi. Mata na kuka, maza na turi, shi yana ƙarƙashinta cikin caɓi. Allah ya tsare, ba abin da ya same su. Amma ranar har aka yi magariba Mairo ba ta ji tari ba. Na gan ta tana ɓarar ɓawon da ta riga ta ɓare, ba ta ma sani ba.

Labari ya kai wa Kamilu a Kaduna, inda yake tuƙin tasi. Sai ga shi ya zo da maganar wata mota 'yar Kwatano, wai ita haibirid, mai aiki da batir da fetur tare. Ya ce shi irinta yake ja, man da Fijo ke sha a yini ita sai ta yi kwanaki da shi. Ya ce a saida Fijo, shi zai cika sauran.

Gide ya zo har zaure ya ce bai yarda ba. "Malam Sha'ibu, Fijon nan ko a daji ta mutu, da waya da filaya za ka tada ta. Waccan in batir ɗinta ya yi gardama wa zai taɓa maka ita a nan? Ga ta a ƙasa kamar kunkuru, buhu nawa za ta ɗauka?"

Kamilu ya ce, "Baba Gide, ai ita ba ta mutuwa a dajin balle a nemi filaya."

Ni na san Yaya ba ya son rabuwa da ita, don na ga yadda yake shafa mata bonet da safe. Ni kuwa ina bayan Kamilu, har da guɗa. Amma ba mu muka yanke ba. Mairo ce ta lalubo bango ta zo bakin zaure daga ciki, ta ce, "Malam, ban taɓa sa baki a sana'arka ba. Ka saida ta. Ba zan iya sake yin yini irin wancan ba."

Shi ke nan. Wani mutumin Damari mai jigilar masara ya saye ta. Ranar da ya zo ɗauka Mairo ta ajiye gyaɗarta, ta bi ta da kunne har ta yi tarinta a kwalbati, har ƙarar ta ɓace. Ta ce, "Allah ya sa ta yi mashi albarka kamar yadda ta yi mana."

Sabuwar ta zo, ruwan toka, sumul, kujerunta na ƙamshi. Ranar farko da Yaya ya fita da ita, la'asar ta yi, Mairo ta karkata kai kamar kullum. Muna nan shiru, sai kawai muka ji sallama a tsakar gida. Ta zabura har faifan gyaɗar ya kife.

"Malam! Da ƙafa ka zo? Ina motar?"

"Tana waje, ƙarƙashin darbejiya."

"Yaushe?"

Ashe ita motar nan in ta rage gudu sai injin ya yi shiru, ta koma kan batir, ta riƙa sulalewa kamar mage. Kamilu bai faɗa ba, don shi a wurinshi abin yabo ne. Nan take na raɗa mata suna Bebiya.

Yaya ya ce zai riƙa yin hon daga kwalbati. Ya yi na 'yan kwanaki. To hon kowa na da shi. Motar wani ta wuce ta danna, sai Mairo ta ce in ɗora ruwa, ruwan ya tafasa ya huce ba kowa. Wannan ya fi shirun ciwo. Ita da kanta ta ce ya bari, za ta saba. Ba ta saba ba. Da can tana samun mijinta tun daga bakin gari, yanzu sai ya taka tsakar gida. Na ce mata ta faɗa mashi abin na cin ta, ta ce, "Ni na ce a saida, da wane baki?"

Kuma tsakani da Allah Bebiya ba ta yi laifi a hanya ba. Ba ta taɓa mutuwa ba, mai kaɗan take sha, gidan ya samu sauƙi, har maganin Mairo ya daina yankewa. Malam Tanimu maƙwabcinmu, mai zama a benci gindin darbejiya, kullum sai ya tare Yaya da tambayar man da ta sha yau, su yi ta mamaki.

Ranar da abin ya faru da kaka ne. Mairo ta tashi tana cewa ƙirjinta ya yi nauyi. Yaya ya ce zai fasa fita, ta ce ya je, mutanen Sabuwa na jiranshi, ya taho mata da lemu. Bayan azahar abin ya tsananta. Zufa ta karyo mata, numfashi na sarƙewa. Na kira wayar Yaya ba ta shiga. Matan maƙwabta duk sun tafi gidan suna. Na so in ruga waje in nemo mutane, ta riƙe mani zane gam ta ce kada in bar ta ita kaɗai a duhu. Sai na zauna na ɗora kanta bisa cinyata.

Aka kira la'asar. Ta ce, "Ya kamata a ce ya kusa."

Na ce, "Yana hanya, Mairo."

Ina kuka ina karanto abin da na iya. Can ta matse mani hannu ta ce, "Laraba, yi shiru in ji."

Na yi shiru. Wallahi ni ma na kasa kunne, har na manta abin da muke saurare yana Damari. Ba komai sai kukan kaji. Ta daɗe a haka, kai a karkace. Sannan ta ce, a hankali, "Ban ji motar ba." Na laƙƙana mata kalmar shahada, ta amsa, ta cika.

Na kwarma salati. Kafin in rufe baki sai ga Yaya ya faɗo tsakar gida a guje, takalmi ƙafa ɗaya, ledar lemu a hannu.

Na ce, "Yaya, daga ina?"

Ya ce, "Ina nan waje."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a kira salla."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya iso ana shirin kiran salla, ya ce bari ya yi jam'i, da aka idar Malam Tanimu ya tsaida shi da hirar mai. Katanga ɗaya ce tsakaninshi da Mairo. Da Mai Tari ce, da tun tana kwalbati Mairo ta ji, da ko daga zaune na ƙwala mashi kira ya shigo.

Na san kwana ne ya ƙare, ba mota ke riƙe rai ba, kada wani ya yi mani wa'azi. Amma da ta tafi da hannunta cikin nashi.

Bayan an share makoki Yaya ya same ni a madafa ya ce, "Ta ce wani abu?" Na so in yi mashi ƙarya. Bakin nan nawa da bai iya ajiya ba ya faɗa mashi yadda ta faɗa. Ya gyaɗa kai ya fita. Kamilu da ya ji ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, ya ce zai je Damari ya karɓo Fijon ko nawa ne. Yaya ya ce, "Bar ta, Kamilu. Wa zai ji ta?"

Har yau yana jan Bebiya, tsofaffi na shiga kyauta kamar da. Abu ɗaya ne ya sauya. In ya iso ba ya gaisawa da kowa, ko ana kiran salla ne. Malam Tanimu ma ya daina tambayar mai. Sai Yaya ya bar ƙofar motar a buɗe, ya wuce zaure da sauri, ya tsaya bakin ɗakin da ba kowa a ciki ya ce, "Salamu alaikum, na iso."

Ni ke amsa mashi daga madafa, sannan in ɗora ruwa.