Ginette Mai Sayar da Hoton Gidansu

Tun tana budurwa Ginette Vasselin take sayar da katin gaisuwa mai hoto, a shagon ƙarshe na titin da ke gangarawa bakin teku. Iri-iri take ajiyewa, amma guda ɗaya ne yake riƙe da ita: hoton wani zane da aka yi tun zamanin kakar kakarta. Asalin zanen yana can rataye a gidan tarihi a Paris, ita ba ta taɓa zuwa ganinsa ba. In ka kawo katin kusa da ido, ɗigo-ɗigon fenti ne kawai. Sai ka ɗan ja shi baya za ka ga dutsen allin garinsu fari fat, teku a gindinsa, can bisa kuma wani ɗan gida mai jan rufi, da filin ciyawa tsakaninsa da bakin dutsen.

A gidan nan aka haife ta. Ba ta yi aure ba. Da iyayensu suka rasu sai ta koma ɗakin da ke saman shagon, ta bar wa wanta Lucien gidan. Shi masunci ne har ƙafa ta hana shi shiga jirgi, matarsa kuma ta riga shi tafiya ba su haihu ba. Kullum da tsakar rana Ginette takan rufe shago ta hau tudu da kwanon miyar kifi da burodi.

Sai dai teku ba ta daina gutsurar dutsen ba. Filin ciyawar da ke cikin zanen ya daɗe da zubewa, har abin ya ci rabin lambu.

"Yaya, bishiyar tuffar Mama ma ta tafi," in ji ta wata rana, tana leƙe ta taga.

"Da ma 'ya'yanta tsami gare su," Lucien ya ce, yana tsoma burodi a miya. "Ke dai je ki sayar wa 'yan Paris takardunki."

"Takardun nan su ke saya maka taba, tsoho mai taurin kai."

"Ni kuma nake hura wuta a gidan da kike sayarwa. In na tashi, hotonki ya zama ƙarya."

Dariya ta yi, amma da ta fito sai da ta tsaya a hanya ta waiwayi gidan.

A wani hunturu irin na ƙasarsu, da ruwan sama ya ƙi ɗaukewa, ƙasa ta tsage a tsakar gidan, tsagar da hannu zai shige. Magajin gari ya hau ya roƙi Lucien ya tashi, Lucien ya kore shi da sanda. Sai magajin garin ya gangaro shago, hularsa a hannu, ya ce wa Ginette likita ya yarda tsohon ba ya iya kula da kansa, saura yardar dangi a ɗauke shi daga gidan. Dangin kuwa ita kaɗai ce. Ta yi mako tana juya maganar, ko abinci ba ta iya ci. Daga ƙarshe ta sa hannu.

Ran da aka zo ɗaukarsa da safe, Lucien bai yi gardama ba. Ya dubi ma'aikatan, ya dube ta.

"Ke ce?"

"Ni ce, Yaya. Gara ka tsane ni kana da rai."

Ya ɗauki rigar ruwansa ya shiga mota. Aka kai shi gidan tsofaffi a wani gari can cikin gonakin alkama, inda ko ƙamshin teku ba a ji. Kafin wata ya zagayo katafila ta rushe gidan, aka kwashe tubalan don kada su zubo wa masu yawo a ƙasa.

Kowace Lahadi Ginette takan shiga bas da kwanonta. Ta zauna gefen gadonsa ta ba shi labarin gari, wanda ya mutu, wanda ya sayar da jirginsa, shi kuwa fuskarsa na bango. Miyar ta huce ta koma da ita. Ya rame har zoben aurensa ya riƙa zamewa. Sau ɗaya ya yi mata magana, ba tare da ya juyo ba.

"Wurin ya zube?"

Ta so ta yi masa ƙarya, bakinta ya ƙi. "Bai zube ba tukuna."

"To," ya ce.

Bai kai hunturu na gaba ba.

Wurin kuwa har yau bai zube ba. Ciyawa ta rufe tsagar, masu yawon buɗe ido suna shimfiɗa bargo suna cin cuku daidai inda murhun gidan yake a da. Odette, maƙwabciyarta mai gasa burodi, takan ce mata, "Haba Ginette, da kin bar shi ƙasa ta rufta da shi, da yanzu wani kukan kike yi." Ginette ta gyaɗa kai kawai.

Ta ci gaba da sayar da katin, don shi aka fi nema. Baƙi sukan saya, su fita waje su ɗaga shi sama suna gwadawa da dutsen, su dawo su ce, "Madam, ina ɗan gidan nan?" Ta ce an rushe, ta miƙa musu canjinsu.

Da ciwon ƙugu ya tsananta mata, ta ba wasu matasa hayar shagon, suka mai da shi wurin sayar da kayan sanyi. Tana nan a ɗakinta na sama, ba ta cika saukowa ba. Da yamma Odette takan hau mata da burodin da ya rage, su zauna gaban talabijin har Odette ta tashi ta tafi.