Yahuza Mai Waya da Manhajar Tumatir

Yahuza ɗan Paki ne, amma a kasuwar Ikara aka san shi, cikin wata rumfar kwano inda ya shekara tara yana caji da gyaran waya. Ba shi da yawan magana. In ka miƙa masa waya, sai ya juya bayanta ya duba kafin ya dubi fuskarka. Iyakar karatunsa sakandare. Rubuta manhaja kuwa a rumfar nan ya koya, da wata tsohuwar kwamfuta da ya sayo a Zariya.

Shekarar da tsutsa ta yi wa tumatir ɓarna daga Kudan har Makarfi, wata ƙungiya daga Kaduna ta neme shi. Suna son manhajar da manomi zai gwada ganyensa da hotuna, ya ji bayanin magani da Hausa, ko babu sabis. Jami'arsu, Madam Paulina, ta ce lallai ta yi aiki a Android da iPhone duka.

Hanya biyu ce a gabansa. Ko ya yi rubutu ɗaya da zai hau kowace irin waya, ko ya yi wa kowacce nata daban, aiki ya ninka. Ya hau mota zuwa Makarfi wajen abokinsa Abednego, malamin kwamfuta.

"Yi guda ɗaya ka huta," in ji Abednego. "Kai kaɗai ne. Gobe in gyara ya taso, wuri ɗaya za ka taɓa."

Ya bi shawarar. Cikin mako shida ya gama ta gwaji, ya kai wa kawunsa Malam Bobbo a gonarsa ta Malikanchi. Wayar dattijon ƙarama ce, cike da karatun malamai. Sai da aka goge wa'azi uku kafin manhajar ta samu wuri, da aka buɗe ta kuma ta tsaya tana tunani.

"Ɗana, in jira ta ko in koma ban ruwa?"

"Koma, Kawu."

Rubutun da zai hau kowace irin waya ya yi wa ƙaramar waya nauyi. A hanyar gida ya yi ta tuna wayoyin da suka bi ta hannunsa. Na manoma duk irin ta kawunsa ne, kuma bai taɓa cajin iPhone ɗin mai riƙe fartanya ba. Ya kira Madam Paulina ya ce shi dai Android kaɗai zai yi wa, mara nauyi, daidai ƙarfin ƙananan wayoyi.

"Malam Yahuza, na gane," ta ce. "Amma shugabanninmu za su so su gani a wayoyinsu."

Aka ba wani a Kaduna aikin. Abin ya taɓa shi, kwana biyu ko rediyo bai kunna a rumfa ba. Daga nan ya sake rubutun tun daga tushe, tsakanin mai kawo caji da mai karɓa, har wata huɗu. Matarsa Hafiza ce ta karanta bayanan, don muryarta ta fi fita.

Yau manhajar na yawo daga waya zuwa waya a Taba da Paki, da yawa ma ba su san mai ita ba. Ta ƙungiyar ma ta fito, tana aiki lafiya a manyan wayoyi. Abednego har yanzu yana ganin abokinsa ya yi garaje. Wani dillalin tumatir mai iPhone ya zo har rumfa neman ta Yahuza, aka ba shi haƙuri, ya sayi caja ya tafi.