Jan Kwanso Ko Kore

Shekarun baya, lokacin da korona ta sa aka rufe ko'ina, kullen ya same ni a Kuala Lumpur. 'Yata da mijinta suna karatu a can, su suka ɗauko ni daga gida don likita ya duba min gwiwa. Na zo da 'yar jaka da niyyar in juya da wuri, sai aka wayi gari babu jirgi. Haka na zauna a benensu na Pantai Dalam, ina leƙen jirgin ƙasa ta taga yana wucewa ba kowa a ciki.

Ni ɗan maharba ne, a daji na tashi. Mahaifina ya yi yaƙi da jahilci tun yana saurayi, yana karanta boko sarai, amma ni duk ranar da aka kai ni aji sai in zille in bi shi dawa. Na girma, na aurar da 'ya, ban iya rubuta sunana ba. Da zaman kulle ya yi tsawo, 'yata ta ce ba za ta zuba min ido ina ƙirga motocin titi ba. Ta samo takarda da fensir, kullum bayan la'asar mu zauna. Ina rubuta baƙi ɗaya kamar mai saran itace, tana cewa da ɗan "lah" ɗin da mutanen can ke liƙa wa magana, "Abba, a hankali lah, fensir ne ba gatari ba."

Ana cikin haka ƙanwata ta kira daga ƙauye. Ita ke kula da mahaifinmu.

"Yaya, Baba fa ya daina cin abinci."

"Jikin ne?"

"Ba jiki ba ne. Cewa ya yi ka mutu, muna ɓoye masa."

Na yi dariya da farko, amma na ji ita ba dariya take ba. Wani ne ya zo gaishe shi ya kwatanta masa da hannu cewa cutar tana kashe mutane a ƙasashen waje. Shi kuma ya san halinmu. A gidanmu ba a faɗa wa tsoho ko marar lafiya rasuwa kai tsaye, sai a yi ta cewa wane ya yi tafiya, wane yana gaishe ka. Da ƙaninsa ya rasu, shi da kansa ya sa aka ɓoye wa kakarmu har aka yi sadakar bakwai. To yanzu ga shi ana ce masa ɗansa yana gaishe shi, ɗan bai dawo ba. Sai ya juya fuska bango.

Da a ce yana ji, da magana ta ƙare a waya. Amma ƙarar bindiga ta shekara da shekaru ta cinye masa kunne. Ko ka yi ihu a gefensa sai dai ya kalli bakinka. Ƙanwata ta ari babbar wayar wani malamin makaranta don ya gan ni ina motsi, sabis ɗin ƙauyenmu ya ƙi, fuskata ta daskare baki buɗe. Aka tura hoto, ya kalla ya ce ai matacce ma yana da hoto. Abin da ya rage shi ne rubutu, domin idonsa na nan garau, yana karanta saƙo a ƙaramar wayar ƙanwata.

'Yata ta ce ta ɗauki wannan aikin. Na faɗa mata gaisuwa, ta rubuta, ta ƙara da nata kayan daɗi: Baba ina kewarka, kullum kana raina, ina ƙaunarka. Ta karanta min, na ji kunya ta kama ni har wuya, amma na ce ai ita ce mai ilimi, a tura.

Washegari ƙanwata ta kira tana kuka. Ta ce ya karanta, ya miƙo mata wayar, ya ce, "Yanzu na tabbata. Yaron nan ko za a yanka shi ba zai ce min haka ba. Allah Ya jiƙansa." Ko kunun da yake kurɓa da safe ranar bai taɓa ba.

Gaskiyarsa ce. Ni ne ɗan fari. Tunda nake bai taɓa kiran sunana ba, sai "kai" ko "yaron nan". Ba ma hira, ba ma haɗa ido. In na gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Na zauna ina tunani, wai a duk rayuwata akwai inda ni da Baba muka taɓa sakin baki da juna? Sai na tuna tabarmar ɗuri.

A zamanin da muke farauta, harsashi sabo tsada gare shi, don haka maharbi ba ya yar da kwanso in ya harba. Tsincewa yake ya kawo gida a sake ɗura shi da hannu. Kowane maharbi da kwanson da yake so, kuma a kan wannan ana iya ɓatawa da aboki. Baba na jan kwanso ne, irin na da, mai jikin takarda da dogon gindi. Yakan ce shi ne mai ladabi, yana karɓar ɗuri, bakinsa yana naɗuwa yadda kake so, ga ƙanshi in an harba. Ni kuwa na koren roba ne, domin ba ruwansa da damina, kuma za ka ɗura shi ka sake ɗurawa bai yage ba. Baba yana kiransa kwanson malalata. A kan tabarmar nan kaɗai nake ɗaga masa murya, shi ma ya manta ni ɗan fari ne ya yi ta surfa min zagi. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, takan leƙo ta ce, "Ku dai ba ku gajiya."

Na ce wa 'yata ta ba ni wayar, ni zan rubuta.

"Abba, faɗa min kawai in rubuta, ya fi sauri."

"Ke za ki gyara. Kuma abin da zan faɗa ba na bakin jika ba ne."

"Zagin Kaka za ka yi?"

"Kusan haka."

Ta yi dariya ta ce boleh, wato "to" a yaren can, ta miƙo min. Mijinta ya fita yin tapau, wato sayo abinci a ƙunshi, a shagon mamak, gidan abincin Indiyawa Musulmi na ƙasan bene, ya dawo, abincin ya huce, ni ina nan ina farautar baƙaƙe da yatsa ɗaya. In na nemi ɗaya na rasa sai in tambaye ta, ta nuna min daga nesa, don na hana ta matsowa. Gumi har ya jiƙa min riga. Ban sa gaisuwa ba, ban tambayi jiki ba. Abin da na rubuta shi ne: "Baba jan kwanso ba shi da amfani. Kore ya fi shi. Ka tuna dinyar fadama."

Dinyar fadama kuwa wani tsohon ciwo ne. Wata safiya da damina muka yi kwanto, garken dinya, manyan agwagin dajin nan, ya sauka gabanmu, Baba ya zaro jan kwansonsa, ashe ya sha laima ya kumbura, ya ƙi shiga bindiga. Yana ta turawa har tsuntsayen suka tashi. Ni na ce laifin takarda ne, shi ya ce ni na bar jakar a raɓa. Ba wanda ya san wannan sai mu biyu, domin ya hana ni faɗa a gida.

Na tura, na zauna. Can gida gari bai gama wayewa ba, don haka jira ya yi tsawo. Na yi alwala, na yi salla, na dawo na zauna kusa da wayar kamar mai gadin tarko. Zuciyata tana ce min, in fa wannan ma bai yi ba, tsohon nan zai tafi yana zaton na riga shi.

Da wayar ta yi ƙara, kafin ƙanwata ta ce komai na jiyo shi daga bayanta. Kun san kurma ba ya jin muryarsa, da ƙarfi yake magana.

"Ƙarya yake! Shi ya bar jakar a raɓa! Faɗa masa! Malalacin banza, da kwansonsa na roba kamar butar bayi!"

Ƙanwata tana dariya tana kuka. "Yaya, me ka rubuta masa? Ya tashi zaune fa. Wai wace dinya?"

"Ba ruwanki. Ya ci abinci?"

"Yanzu yake cewa a dama masa fura, wai ba zai yi gardama da yunwa ba."

Na ajiye wayar na yi sujada a kan tayil ɗin mutane, da gwiwar da likita ya ce kar in lanƙwasa. 'Yata tana tsalle tana cewa, "Abba ya ci jarrabawa!"

Can anjima saƙo ya shigo. Shi ya faɗa, ƙanwata ta rubuta, ya karɓa ya duba don kar ta rage masa ko kalma. 'Yata ta miƙo hannu za ta karanta min, na ce a'a. Na bi shi baƙi baƙi har na kai ƙarshe. Cewa ya yi: "Kai yaro. Wanda bai iya ajiye jaka ba ba ya zaɓen kwanso. In ka dawo ka zo ka faɗa a gabana."

Haka muka ci gaba har aka buɗe hanya. Kullum sai na nemo sabuwar tsokana, shi kuma ya rama, kuma da wannan gardamar hannuna ya faɗa da rubutu. Da na koma gida na same shi a zaure, ya yi ƙiba ma. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon gefe kamar yadda ya saba, kamar ba shi ne ya yi wata da watanni yana zagina a waya ba.

Farauta ta daɗe da wucewa a wajenmu, dajin ya zama gonaki, bindigar ma tuni aka mayar wa hukuma. Amma na gane kowane gida da yadda ake cewa ina sonka a cikinsa, kuma in ka aro na wani gidan ba za a gane muryarka ba. Wasu suna koyon karatu don takardar asibiti, wasu don allon hanya. Ni abin da na fara karantawa da kaina daga farko har ƙarshe zagin mahaifina ne, kuma har yau ban karanta abin da ya kai shi daɗi ba.