Takalmin Teburina a Gindin Kwazazzabo

Ni mai tebur ne. Shekara da shekaru ina sayar da takalma da huluna da safa a bakin titi, kusa da tashar jirgin ƙasa mai lamba 4, in na tashi in koma ɗakina a unguwar Morris Heights, nan ƙasar Turawa. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, a Maraɗi aka cire ni. Yawon buɗe ido ba nawa ba ne. 'Yata ta fari, mai aikin jinya, ita ta ƙulla tafiyar: a hau jirgin sama a yi yamma, a gangara wani kwazazzabo mai zurfi da ƙafa, a kwana a gindinsa, a hauro da safe. Wai ciwon sukarina yana son motsa jiki.

Akwai abin da ban gaya mata ba. Kusan shekara ba na jin yatsun ƙafata ta hagu. In taka ƙusa ma sai dai in gani. Wani maƙwabcinmu ɗan Kumasi, ɗan yanka kaɗan ya samu a tafin ƙafa, bai sani ba har ya ruɓe, aka yanke masa rabin ƙafar. Ni kuwa da tsayuwa nake ci.

Ta turo mini hoton takalmin da zan saya. Na duba hoton, na duba kwalina, ga irinsa sak. Na san nawa da gam ake liƙa ƙasansa, babu ɗinki ko ɗaya. Amma in bar kayana in shiga kantin wani? Na zari lambata na sa.

Mu takwas ne, da jagora, wata baturiya siririya da rana ta ƙone. A bakin ramin ta bi ƙafafunmu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta zo kaina ta ɗaga babban yatsa. Har na ji daɗi, Allah ya yafe mini. Wurin yana da tsawo ƙwarai, iskar ba ta cika ƙirji, ka ja ka ja kamar buhun da ya huje. Na leƙa ƙasa, ga wani kogi can gindi kamar zaren da ya faɗo daga riga.

Bayan azahar na fara jin ƙara a bayana: fat, fat. Na waiwaya, ba kowa. Ƙasan takalmin hagu ne ya buɗe baki. Na koma ƙarshen layi, ina jan ƙafar don kada a ji. Tsakuwa na shiga, na sani, amma ba na jin ta. Wannan shi ya fi tayar mini da hankali. Da ciwo nake ji da na san inda nake. Kowane taku sai in tuna maƙwabcina yana hawa bene da sanda.

"Baba, are you okay?" in ji 'yata. Hausa tana ji sarai, amsawa ce sai da Turanci.

"Lafiya lau. Kallon duwatsu nake."

Muka isa gindi rana ta kusa faɗuwa. Aka kafa tantuna a bakin ruwa. Magariba ta yi, ga alwala, alwala kuwa sai an cire safa. Na tsaya ina kallon takalmin. Tsoron abin da zan gani nake, tsoron kuma ta gani. Sai na zagaya bayan wani dutse na buga hannu a ƙasa.

"Baba." Da Hausa ta yi magana, a nan na san na shiga uku. "Taimama kake yi? Ga kogi a gabanka?"

"Ruwan da sanyi."

"Kai da kake alwala da ruwan gora a titi cikin ƙanƙara? Zauna. Cire."

"Ke, ni kike ba umarni?"

"Eh. Cire."

Safar ta manne, da ruwa ta jiƙa ta kafin ta fita. Ƙarƙashin babban yatsa fata ta saɓule, ga wata tsakuwa kamar ƙwayar masara ta nutse a ciki. Ta danna wurin tana kallon fuskata. Ban motsa ba. Ta sake dannawa.

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

Ba ta yi faɗa ba, ni kuwa faɗan na fi so. Ta juya takalmin, ta ga gam ɗin, ta ce, "Na teburinka ne." Na ce nawa ne. Ta kira jagorar, suka wanke ciwon, suka rufe shi, suna ta magana ƙasa-ƙasa. Na tsinci kalmar helikwafta. Na ce sam, da ƙafata na shigo.

Da asuba jagorar ta naɗe takalmin da salatif mai kauri har ya zama kamar ƙunshin kifi. Aka raba kayana, 'yata ta ɗauki mafi nauyi. Sharaɗinta ɗaya: duk inda aka huta zan cire ta duba, in jini ya ɓullo an gama. Sau shida na zauna kan dutse gaban baƙi ina miƙa wa 'yar cikina ƙafa. Duk sanda za ta ɗaga bandejin sai in kau da kai, in saurari numfashinta. In ta ce "Tashi," in tashi. La'asar sakaliya muka fito, mu ne na ƙarshe.

Mako biyar ban fita tebur ba. Likitan ƙafa ya ce da na ƙara kwana biyu a rufe, da wata maganar ake yi. Yatsan yana nan, har yau ba na jin sa. Kullum in na dawo, kafin in ci abinci, sai na ɗauki hoton tafin ƙafata da waya na tura mata. In na makara ta kira.

Sauran takalman kwalin na sayar da su. Wanda ya tambaya ina gaya masa na yawon gari ne, kada ya kai su dutse.