Allurar da na zare

Ban taɓa mantawa da ranar da na zare wata allura daga jikin ƙyalle ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu kuna cewa na cika tsanani, to ga dalili.

Lokacin ina shekara ta huɗu a kamfaninmu da ke garin Laurel, kusa da Washington, an riga an ɗaga ni zuwa babban mai shirya kaya. Ga wanda bai san aikin ba, mu ne muke karɓo ayyukan masu zane, mu duba, mu naɗe, mu kai ɗakin nuni mu rataye. Kowane aiki yana zuwa da hotonsa da takardar da ake rubuta yanayinsa. Doka ta farko ita ce: abin da ka gani ka rubuta, kada ka gyara.

Wata Talata aka kawo mana ayyuka tara na wata 'yar Indiya, Madam Mira, za a nuna su a wani ƙaramin ɗakin nuni a Washington. Ita ba da fenti kaɗai take aiki ba. Tsofaffin zannuwan sari na matan ƙasarsu take haɗawa da kurkum da tikitin jirgin ƙasa da hotunan dangi, ta manna a kan katako. Na takwas farin ƙyalle ne, an yi masa ɗinkin hannu da jan zare, siffar ɗawisu. Ɗinkin bai ƙare ba, jelar ta tsaya a rabi. A nan na ga allura a soke da zarenta, ta yi tsatsa, har tsatsar ta fara rina ƙyallen.

Ni ɗan maɗinki ne, a Fagge na tashi. A shagon mahaifina duk wanda ya bar allura a kayan mutane sai ya sha ranƙwashi. Na ce a raina, baiwar Allah mantawa ta yi cikin gaggawa. Na zare allurar, na ƙulle zaren yadda ya kamata, na soke ta a bakin hulata. Har yaba wa kaina na yi. Ko hoton ban duba ba, takarda kuwa ban rubuta komai ba.

Washegari muka rataye ayyukan, Madam Mira ta zo dubawa tare da ogana, Mista Bil. Da ta iso na takwas sai ta tsaya, ta daɗe ba ta motsa ba.

"Ina allurar?" ta tambaya.

Na cire hula na zaro allurar na miƙa mata. Na ce, "Ni na zare, Madam. Na ga tsatsa za ta ɓata miki ƙyallen."

Ba ta yi faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. A hankali ta ce mahaifiyarta ce take yi mata wannan ɗinkin a garinsu. Wata safiya ta soke allurar don ta je ta ɗora shayi, sai ta faɗi a kicin, ba ta ƙara tashi ba. Tun ranar babu wanda ya taɓa allurar. Ita Madam Mira a kan cinyarta ta ɗauko ƙyallen a jirgin sama har ƙasar nan.

Na ce, "Ki yi haƙuri, zan mayar. Ga hudar nan ina gani, ba wanda zai gane."

Ta ce, "Na san za ka iya. Amma sai ya zama kai ka soke ta."

Ta naɗe allurar a hankici ta sa a jaka, ta ce a sauke na takwas, ba za a nuna shi ba. Mista Bil ya ce mata sai kamfani ya hukunta ni, ta roƙe shi ya bari, ta ce alheri na yi niyya. Takardar gargaɗi kawai aka ba ni, na sa hannu. Ni da kaina na sauke aikin na mayar da shi akwati.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan mai ganin ya iya ya fi jahili ɓarna, don jahili yana tsoron taɓawa. Kayan da ake ba mu, mu katako da ƙyalle muke gani, mai shi kuwa ya san abin da ya ajiye a ciki. Lambar wayarta tana saman takardar da ta zo da aikin, a gabana. Da na kira ta na minti ɗaya, da allurar tana nan inda mahaifiyarta ta bar ta.