Kifaffiyar Kartar Malachy Tansey

Malachy Tansey mijin yayata ne, marigayiya Nuala, kuma tun ina budurwa nake tsokanarsa, shi kuwa bai taɓa ramawa da abin da ya wuce murmushi ba. A bayan sitiyarin motar madara ya ƙare ƙuruciyarsa, yana bin gonakin yankinmu na Leitrim ɗaya bayan ɗaya, har ya san shanun mutane fiye da yadda ya san 'ya'yansu. Da ya yi ritaya, Nuala ta rasu, yaran suka watsu, ɗaya Boston ɗaya Perth, sai ya zama babu abin da yake jira a mako kamar wasan kartar poka na ranar Lahadi a ɗakin girkina. Mu biyar ne. In an taso daga coci an ci abinci, sai in share tebur, in ɗora shayi da burodi mai zabibi, a raba karta biyar-biyar. 'Yan sulalla muke zubawa, waɗanda ko an cinye mutum tas ba za su hana shi barci ba.

To, ban da Ultan Gallogly. Ultan mahaucin garinmu ne, kuma in aka ci shi, kowa sai ya ji a jikinsa. Laifin kujera ne, laifin hannuna ne mai raba mugunta, laifin gwamnati ne. Ya juya hula, ya canja wurin zama, ya nemi a kawo sabuwar karta. Washegari duk wadda ta je sayen nama sai ta saurari yadda aka zalunce shi kafin a auna mata.

Malachy kuwa nasa salon daban ne. In aka zo buɗe karta, ya dubi ta abokin karawarsa ya ga an fi shi, sai ya kife tasa, ya tura ta tsakiyar tebur da yatsu biyu, ya ce ta yi kyau, ya kurɓi shayi. Shi ke nan. Yakan ce karta ba ta riƙe mutum a zuci, kuma rashin sa'a kamar ruwan saman garin nan ne, ba a yi masa faɗa, riga ake sakawa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, in ji masu magana, kuma Malachy ya riƙe wannan fiye da kowa. Ba wanda ya taɓa ganin kartar da ya faɗi da ita. Doka ce a teburin poka ko'ina, kifaffiyar karta ta mutu, ba a taɓa ta. Ni dai halin nan nasa yana burge ni, yana kuma ba ni haushi, don mutum ya riƙa faɗuwa kamar waliyyi abu ne mai gajiyar da na kusa da shi.

A kakar bara ne sa'a ta juya masa baya. Da farko dariya muke yi. Aka yi Kirsimeti bai ci ba, aka shiga sabuwar shekara bai ci ba, tumaki suka fara haihuwa, shiru. Na sauya karta. Ultan, da bai taɓa ba wa kowa ko ƙashi kyauta ba, ya tashi ya ba shi kujerarsa ta sa'a. Malachy ya zauna a kai, ya yi godiya, aka cinye shi.

Ana cikin azumin da ke gaban Ista ya faɗa mana, yana saka riga, cewa in Ista ta zo bai ci ko sau ɗaya ba, ya ajiye karta. Ya ce ya kamata mutum ya san lokacin tashi tun bai zama abin tausayi ba. Na damu, don na san Malachy ba ya magana biyu, na kuma san gidansa. Babu komai a ciki sai agogon bango da kujerar Nuala. In ya bar teburina, mako zai riƙa zuwa ya wuce bai yi magana da kowa ba.

Lahadin da ta rage kafin Ista, wasa ya rage shi da Ultan. Malachy ya bi shi har ƙarshe. Ultan ya baje sarakuna uku. Malachy ya dubi tasa, ya kife, ya tura da yatsu biyu, ya ce ta yi kyau.

Ultan bai kwashe sulallan ba. Ya ce, "Kai tsohon nan, da me kake bi na duk watannin nan? Yau dai sai na gani." Kafin in buge masa hannu, ya birkice kartar.

Biyar ne, duka masu zanen zuciya. Ko yaro ya san sun fi sarakuna uku.

 Malachy ya ɗauki ta ƙarshen, ya kai ta dab da hancinsa, ya karkata ta wajen taga. A hankali ya ce, "Wannan ba mai zanen daimon ba ce?"

Na ce, "Zuciya ce, Malachy." Zanen daimon da na zuciya duk ja ne, kuma da wannan ɗayar daimon ce, da Ultan ne ya ci.

Sai a lokacin na tuna yadda ya zuba madara a gefen kofi, da yadda ya daina riƙe littafin waƙa a coci. Ashe idonsa ne ke raunana. Allah kaɗai ya san sau nawa ya ture nasara da yatsunsa biyu yana cewa ta yi kyau. Haƙurin da muke yabo shi ne ya rufe mana ido, mu da shi duka. Ya miƙe, ya saka hula, ya ce rashin sa'a ya iya zama da shi, amma wannan wani abu ne daban. Ya fita ba tare da ya shanye shayinsa ba.

Ranar Ista ya zo, amma sallama ya zo yi, ko riga bai cire ba. Ya tarar Ultan ya je har garin Sligo ya sayo karta mai manyan lambobi, kowane zane kamar ƙwan kaza. Malachy ya juya ɗaya ya ce kartar 'yan makaranta ce, shi ba ya son a ji tausayinsa.

Ultan ya ce, "Wa ya ce don kai na saya? Ni ma tun bara tara da shida suke yi mini wasa da hankali. Zauna, mutumina, kada ka ɓata mana rana."

Ni kuma na sanar da su cewa tebur nawa ne, kuma daga ranar duk wanda ya kai ƙarshen wasa sai ya buɗe kartarsa, ya ci ko bai ci ba, wanda bai yarda ba ya nemi wani gidan mai burodi. Na dubi Malachy na ce masa da Nuala na nan da tuni ta ja shi da kunne zuwa wurin likitan ido a Sligo, kuma ni ƙanwarta ce, kunnen ma na san inda yake. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce hannu ɗaya kawai, ya zauna a bakin kujera.

Na raba. Na ga ya buɗe kartarsa daga nesa, ba ƙifta ido, na ga kunnuwansa sun yi ja. Ya ƙara sulalla, Ultan ya ƙara, Malachy ya sake ƙarawa. Da aka zo ƙarshe, Malachy ya shimfiɗa tasa a fili, karo na farko da ya yi haka ba tare da ya san ya ci ba. Sarauniya uku da takwas biyu. Hannu ne da mutum kan shekara bai samu ba.

Ultan ya yi tsuru-tsuru kamar wanda ya taka wa limamin coci ƙafa. Ya ajiye tasa a hankali. Masu lamba biyu ne guda huɗu, waɗanda suka fi na Malachy, kuma ta huɗun sai a canjin karta na ƙarshe ta zo masa.

Malachy ya sunkuya ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, da idonsa. Sai ya daki tebur har cokula suka yi tsalle. Ya ce wannan zalunci ne tsagwaronsa, mahauci bai iya komai ba sai sa'ar banza, hannuna kuma dama tun ina yarinya ba ya raba alheri. Ya tsine wa kujerar, ya haɗa da gwamnati. Muka saki baki muna kallonsa, ni kuwa ina dariya hawaye na zuba, don ban taɓa jin abin da ya yi mini daɗi kamar wannan masifar ba.

Da ya gaji, ya cire riga ya rataye a bayan kujera. Ya tambaye ni ko motata za ta shiga Sligo cikin makon. Na ce za ta shiga. Ya ja kofinsa kusa, ya ce mini, "To raba, Attracta. Kuma ki gauraya da kyau wannan karon, ina kallonki."